Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga alƙalai, masu unguwanni da limamai kan gidan jingina da ake mayar wa matan aure don guje wa bashi

Zuwa ga alƙalan kotunan shari'ar Musulunci na Jihar Kano, da dagatai da masu unguwanni, da limaman da ake kira su zama shaida.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Allah ya gafarta malamai, ranku ya daɗe iyayen ƙasa. Na haɗa ku a wasiƙa ɗaya ne saboda a takarda ɗaya na ga hannuwanku: sa hannun wani mai unguwa, sa hannun wani liman, da hatimin wata kotu a ƙasa. Takardar nan ita ta tsaya tsakanina da haƙƙina har yau. Ba zan ambaci sunan kowa ba, ba kuma ina nufin dukanku ba ne, domin a cikinku akwai waɗanda ko wuƙa aka ɗora musu a wuya ba za su sa hannu a kan abin da ba su gani ba. Amma abin ya yi yawa a gari, kuma ƙofar da yake shigowa ta nan a hannunku mabuɗinta yake.

Ni ɗan kasuwa ne, ina sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari shekara 26 ke nan. Duk wanda ya san kasuwarmu ya san da amana take tafiya. Mutum ya ɗauki dila goma da safe, ba a ƙirga ko sisi ba, sai ya sayar ya kawo. Ni ma haka aka yi mini na tashi, kuma haka na yi wa yara da dama da yau suke da nasu shagunan. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, ba abin kunya ba ne a wurinmu.

A farkon 2023 wani abokin cinikina, wanda muka shekara 15 muna hulɗa ba mu taɓa sa-in-sa ba, ya nemi kaya na naira miliyan 18. Da yake kuɗin sun fi abin da muka saba, shi da kansa ya ce zai jinginar mini da gidansa. Ya kawo takardun ciniki na asali a cikin wata jakar leda, muka rubuta yarjejeniya, mutum biyu suka yi shaida, na kulle takardun a sef. Daga nan abin da ya sami kowa ya same shi. A watan Yuni na shekarar aka saki naira, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 kafin ƙarshen Fabrairun 2024. Shi kuma ashe yana da wasu basussukan na dala a kansa. Ya karye. Ban matsa masa ba, na ba shi wata takwas, domin na san abin da Allah ya ce a aya ta 280 ta Suratul Baƙara game da jinkirta wa wanda yake cikin ƙunci. Sai da ya daina ɗaga wayata, ya fara sauya hanya in ya hango ni, sannan na kai ƙara.

A zama na biyu aka ce akwai mai shigowa cikin shari'ar. Uwargidansa ce. Ta zo da takarda mai cewa tun 2019 mijinta ya ba ta gidan kyauta, halak malak, saboda haka ranar da ya jinginar mini da shi ba nasa ba ne. An kuma haɗa da takardar rantsuwa cewa takardun gidan na asali sun ɓata. Takardun da suka ɓata ɗin suna cikin sef ɗina.

Da aka miƙo mini kwafin na karanta, sai idona ya tsaya a layi na huɗu, inda aka siffanta gidan: "gida mai bene, ɗaki huɗu a sama." Allah ya gafarta malamai, a 2021 aka ɗora benen nan. Na sani domin ni na raka shi sayen rodi, kuma na ci shinkafar walimar tarewa a saman. Takarda fara fes, ko lanƙwasar tsufa babu, tana ba da labarin benen da ba a gina ba sai bayan shekara biyu da rubuta ta. A ƙasanta kuma ga sa hannun dattawa biyu da nake gaisarwa a tsugune.

Baiwar Allah nan kuwa, har yanzu in na tuna ta tausayinta nake ji. Tana tsaye cikin hijabi, hannunta na rawa. Alƙali, Allah ya saka masa da alheri, ya tambaye ta a hankali: "Hajiya, tunda gidanki ne, faɗa mini iyakokinsa. Gabas da wa kuka yi iyaka? Wa ke biyan kuɗin wuta? Tun da aka ba ki, maigidan ya taɓa tashi ya bar miki shi?" Ba ta amsa ba. Ta juya ta kalli mijinta. Wannan kallon shi ne amsar duka tambayoyin. Ni kuwa na san kwana uku kafin zaman na bi ta layin, na ga motarsa a gareji, na ga takalmansa a ƙofar turakarsa, na gan shi ya fito da buta zai yi alwalar magariba a dakalin da ya saba.

Na ba da wannan labari ne don a ga yadda abin yake a kusa, amma ba ni kaɗai ba ne. Ku shiga Singa, ku shiga Dawanau, ku shiga Sabon Gari, ku ce wa ya taɓa bin bashi aka ce masa "ai gidan na Hajiya ne." Salon kala-kala ne. Wani kyauta zai ce. Wani zai ce sayar mata ya yi, a rubuta kuɗin da ba a taɓa ƙirgawa ba. Wani zai ce tana bin sa bashin gwala-gwalanta da ya sayar shekarun baya, gidan ne ya ba ta a madadi. Wani ma cikon sadaki zai tuno bayan shekara ashirin da aure. Akwai wanda ya raba gidaje uku ga mata uku a mako guda, mako biyu kafin sammaci ya iso.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, ba wata sabuwar dabara ba ce da malamanmu ba su san ta ba. Ni ba malami ba ne, karatun zaure na yi gwargwado, na sauke Risala, na taɓa Muhtasar, littattafan fiƙihun Malikiyya, a gaban malaminmu, Allah ya jiƙansa. Amma ko ni na san wannan ƙofa an rufe ta tun ɗaruruwan shekaru, kuma an yi mata sakata fiye da ɗaya.

A babin fatara na Muhtasar, marubucinsa Shehu Halilu ya buɗe ne da cewa mai bin bashi yana da ikon hana wanda bashi ya kewaye dukiyarsa yin kyauta da ita. Ba sai alƙali ya yanke cewa ya karye ba tukuna. Da zarar abin da ake bin sa ya cinye abin da ya mallaka, hannunsa ya ɗaure daga kyauta da sadaka da waƙafi, domin a haƙiƙa dukiyar mutane yake kyauta da ita. A wurin nan dai aka ce ana iya hana shi yin iƙirarin bashi ga wanda ake tuhumar sa da son karewa. Wa ya fi matar da suke zaman lafiya shiga wannan tuhuma? To ina zancen gwala-gwalan da babu shaida, babu rubutu, sai ranar da masu bashi suka taru a ƙofa?

Sai maganar hauzi, wato karɓa da riƙewa. Yaron da ya karanta Risala ya haddace cewa kyauta da sadaka da hubusi, wato waƙafi, ba sa cika sai da hauzi. Muhtasar ya ƙara da cewa kyauta tana ɓaci idan aka jinkirta karɓar ta har bashi ya kewaye mai bayarwa. Kuma a kan ma'aurata musamman, sai ka ce marubucin ya leƙo Kano ta yau: ya ce idan mace ta ba mijinta gidan da suke zaune, kyautar ta inganta ko da tana ciki, amma ban da akasin haka. Dalili a fili yake. Matsuguni wajibin miji ne, saboda haka zamanta a gidansa ba karɓa ba ne, zaman aure ne. In yana so kyautar ta tabbata, sai ya kwashe kayansa ya fita, gidan ya fita daga hannunsa a idon jama'a. Ma'ana, ko da a ce kwanan watan 2019 ɗin nan gaskiya ne, ko da babu ƙaryar bene, mutumin da bai taɓa ɗauke takalmansa daga ƙofar turaka ba har bashi ya rufe shi, kyautarsa ba ta tsaya ba. Cinikin ƙarya ma malaman Malikiyya sun sa masa suna, tauliji, wato kyautar da aka sa wa rigar ciniki don a tsallake sharaɗin hauzi ko a hana wani haƙƙinsa, kuma sun ce in ya tabbata a rushe shi.

Allah ya gafarta malamai, kun fi ni sanin duk wannan nesa ba kusa ba. Shi ya sa nake tambaya cikin ladabi: yaya ake yi mutum ya shigo kotu da matarsa da shaidu biyu, ya ce ya zo a tabbatar da kyautar gida, a rubuta, a buga hatimi, kafin azahar ya fita da takarda, ba a tambaye shi ko ana bin sa bashi ba, ba a ce ya kawo takardun asali ba, ba a tura muhuti ko masinja ya je ya ga wa ke cikin gidan ba? Na san amsar da za a ba ni: babu mai jayayya a gaban kotu, alƙali kuwa da zahiri yake hukunci. Haka ne. Sai dai mai jayayyar ba zai taɓa zuwa ba tunda an shirya zaman ne don kada ya ji. Yana shagonsa yana auna yadi, takardun gidan na cikin sef ɗinsa, hankalinsa kwance.

Akwai kuma wata ɓaraka da masu wannan aiki suka gano. Sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya sa kyauta da wasiyya da waƙafi da gado cikin al'amuran da ke bin layin kotunan shari'ar Musulunci har zuwa kotun ɗaukaka ƙararta. Rigimar bashin banki kuwa a babbar kotu ake yin ta. Sai mutum ya zama ana shari'ar bashinsa a wannan gini, shi kuma yana wancan ginin yana tabbatar da kyauta, alƙalin nan bai san da na can ba. Ranar da aka zo aiwatar da hukunci sai a zaro takarda mai hatimi, a ce kotu ce ta tabbatar. Daga nan sabuwar shari'a ta tashi, shekaru su yi ta tafiya.

Da na shiga hannun lauyoyi na gane cewa dokar boko ma ba ta bar wannan a buɗe ba. Tun 1571, zamanin Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya, Ingila ta yi dokar da ke rushe duk wata kyauta ko ciniki da aka yi don a jinkirta wa masu bin bashi ko a zambace su, kuma tana cikin tsofaffin dokokin da Turawa suka shigo mana da su. Shari'ar da ta fi shahara a kanta, ta 1601, kan wani mai tumaki ce da ya rubuta a ɓoye cewa ya ba wani dukiyarsa duka alhali ana ƙararsa, amma ya ci gaba da riƙe tumakin, yana yi musu sausaya, yana sa musu alamarsa. Alƙalan suka ce alamun zamba ke nan: an yi a asirce, an yi ana cikin ƙara, an ba da komai ba a rage ba, kuma mai bayarwa bai saki abin ba. Da lauyana ya gama ba ni labarin sai na ce masa, ai wannan hauzi ne, mu a zaure muka karanta shi. Hankalin ɗan Adam a ko'ina ya yarda cewa wanda ya ce ya bayar amma bai saki ba, bai bayar ba.

Dole in faɗi inda mu 'yan kasuwa muke da rauni, don kada a ce na ga na wani ban ga nawa ba. Alƙalin da ya saurari ƙarata ya tuna mini cewa ita ma jingina ba ta cika sai da hauzi. Alƙur'ani a aya ta 283 ta Baƙara jinginar da aka karɓa a hannu ya ambata. Ni takarda na riƙe, gida yana hannun mai shi. A ɓangaren gwamnati kuma, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ce mai takardar mallaka ta gwamna ba zai sayar ko ya jinginar ba sai da amincewar gwamna, kuma a 1989 Kotun Ƙoli, a shari'ar bankin Savannah da Ajilo, ta rushe wata jingina ɗungurungum saboda rashin wannan amincewa, duk da cewa an karɓi kuɗin bankin. Manyan bankuna sun koyi darasi: suna bincike a ofishin ƙasa, suna neman amincewa, suna rajista. Wanda ya jinginar musu da gida mai satifiket, wato takardar mallaka ta gwamna, da wuya ya iya sauya sunan a bayan idonsu. Ga kuma tsarin da Babban Bankin Najeriya ya fara a watan Agustan 2020, wanda ke ba banki damar cire bashinsa daga duk wani asusu da ke ɗauke da lambar BVN ta wanda ya ci bashin, ko da yake shi ma ana kauce masa ta hanyar zuba kuɗi a asusun iyali. Manyan basussukan da suka gagara kuwa tun 2010 aka kafa musu hukumar AMCON.

Mu fa? Yawancin gidajen cikin birni da unguwannin da suka tashi ba tsari ba su da satifiket, ba su cikin kwamfutar KANGIS, hukumar rajistar filaye ta Jihar Kano. Abin da suke da shi takardar ciniki ce mai sa hannun mai unguwa da dagaci. Ranku ya daɗe, a irin waɗannan gidaje ku ne ofishin ƙasa, ku ne rajista, ku ne binciken. Bazawarar da ta ba da kuɗin gadon marayunta a juya mata, da malamin makarantar da ya ba da kuɗin sallamarsa, da ƙungiyar adashin da ta ranta wa ɗanta jari, ba su da lauyan kamfani, ba su da AMCON. Sa hannunku kaɗai suka dogara da shi.

Na ji masu cewa ai mutum yana kare iyalinsa ne, wa zai so ya ga 'ya'yansa a titi? Wallahi na fahimci wannan tsoro, ni ma uba ne. Amma waɗanda ya ci kuɗinsu su ma suna da 'ya'ya. Sanadiyyar kuɗin nan na sallami yara biyu daga shagona, ɗayansu an sa ranar aurensa aka ɗaga. Kuma shari'a ba ta ce a yi wa wanda ya karye tsirara ba. Ta ce a bar masa abincinsa da na waɗanda ciyar da su ke kansa, da tufafinsu, kuma gida ko gona ba a gaggauta sayar da su, ana jira kamar wata biyu don a sami farashi mai kyau. Da mutumin nan ya zo ya zauna a gabana ya ce, "Alhaji, na karye, ga abin da ya rage, a sayar da gidan a rage mini na kama haya," da na yafe masa wani kaso, kuma na san dattawan kasuwa da sun sa baki sauran ma sun rage. Sau nawa muka yi haka? Abin da ba ya haɗiyuwa shi ne a mayar da kai maƙaryaci a gaban alƙali alhali gaskiyarka tana kulle a sef. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce jinkirin mai hali zalunci ne, ya kuma ce wanda ya karɓi dukiyar mutane yana nufin biya Allah zai biya masa, wanda ya karɓa yana nufin salwantar da ita Allah zai salwantar da shi.

Wasu kuma suna fakewa da cewa kuɗin banki ne, na riba ne, cin su ba laifi. Wannan fatawar son zuciya ce. Ayar da ta yi shelar yaƙi da riba ita ce dai ta ce uwar kuɗin ta mai ita ce, ba a zalunta ba a zalunce ku. Kuɗin da ke banki kuma ajiyar mutane ce, har da ta mai sayar da ƙosai. Ga shi yanzu muna da bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin Jaiz da ya fara aiki a 2012. Su kuma da wace hujja za a ci nasu?

Yanzu maganar matan, wadda ita ce ta fi hana ni barci. Musulunci ya ba mace dukiyarta daban, aure ba ya haɗe aljihu. Akwai mata da yawa a garin nan da gidajen da suke ciki nasu ne na gaskiya: gadon uba, ko kuɗin sana'ar da aka shekara ashirin ana tarawa, ko kyautar miji da ya bayar yana da wadatarsa, ya fita ya bar mata. Irin wannan kyauta alheri ce, ina ma maza su yawaita ta. Amma kowace takardar ƙarya da aka buga wa hatimi tana zubar da darajar ta gaskiya. Yau in mace ta tsaya a kotu ta ce gidana ne, kafin ta rufe baki an fara murmushi a bayan ɗaki. Na san wata maƙwabciyarmu da ta sayi gida da kuɗin gonar mahaifinta, mijinta ya ci bashi, ta shekara biyu tana jele kafin a yarda nata ne. Laifin waɗanda suka ɓata hanyar ne ya hau kanta.

Ita kuma wadda aka ara sunanta, me ta samu? An sa ta rantse da Alƙur'ani a kan abin da ta san ba haka ba ne, don an ce mata in ba ta yi ba 'ya'yanta za su kwana a waje. In shari'a ta juya, sunanta ne a takardar ƙarya. In mijin ya mutu, 'ya'yan kishiya ne za su fara cewa kyautar ta bogi ce, su kawo shaidun da suka san yadda aka yi, zumunci ya watse a kan gidan da dama ba na kowa ba ne a cikinsu sai an biya bashi, tunda ba a rabon gado sai bayan bashi. In kuwa ita ta riga shi, danginta su zo neman gadon gidan da takarda ta ce nata ne. Mace nawa ce a gidan aure za ta iya kallon mijinta ta ce ba zan sa hannu ba? Ku ne za ku iya faɗin wannan a'a ɗin a madadinta.

Ga abin da nake roƙo, kuma babu wanda yake bukatar sabuwar doka ko kasafin kuɗi. Allah ya gafarta malamai, duk wanda ya zo tabbatar da kyautar gida ko fili ga matarsa, ko mace ga mijinta, a tambaye shi a rubuce ko ana bin sa bashi, ko akwai ƙararsa a wata kotu, ko gidan yana jingine, ya sa hannu a kan amsarsa. A ce ya ajiye takardun asali a kan tebur. In ya ce sun ɓata, wannan kaɗai ya isa a dakata, domin mafi yawan takardun da suke ɓata a irin wannan rana suna hannun wanda aka jinginar wa. A tura wakilin kotu ya ga gidan da idonsa, ya tambayi maƙwabta. A liƙa sanarwa a allon kotu da masallacin unguwar na tsawon wata guda, mai magana ya zo ya yi. A keɓe matar, ba a gaban mijin ba, a tambaye ta ko ta san abin da ake ciki. Mai kyautar gaskiya wata ɗaya ba zai rage shi da komai ba. Zan so kuma shugabannin ɓangarorin shari'a biyu su samar da hanyar da rajistaran wannan kotu zai iya tambayar na waccan ko sunan mutum yana gabansu. A zamanin da kowa ke da waya a aljihu wannan bai kamata ya gagara ba.

Ranku ya daɗe masu unguwanni da dagatai, littafi ɗaya nake roƙo, mai ɗaurarren bango, mai lamba a kowane shafi, wanda ba a yage masa takarda. Duk cinikin gida, duk kyauta, duk jingina a unguwa a shigar da shi ranar da aka yi, a jere, ba a barin layi fanko. Da akwai irin wannan littafi a unguwar da nake magana, da jinginata tana ciki tun farkon 2023, kuma da babu inda za a cusa kyautar 2019. Mu ma 'yan kasuwa sai a wajabta mana kawo jinginarmu a rubuta, mu daina kulle takarda a sef muna ganin mun gama. Kuma don Allah, kowane ne ya zo, ko wanda ya gina masallacin unguwa ne, kada a rubuta wa takarda kwanan watan da ba ranar aka yi ta ba.

Limamai kuma, ku kuke karanta mana hadisin da Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, yana kishingiɗe yana lissafa manyan zunubai, da ya zo kan shaidar zur ya tashi zaune, ya yi ta maimaitawa har sahabbai suka yi fatan ya yi shiru. Na yi imani limamin da ya sa hannu a takardar nan bai ɗauka shaidar zur yake yi ba. An same shi bayan sallar isha'i, an ce Alhaji ne ya ba iyalinsa gida, a sa albarka, ya ga aikin alheri ne, ya karɓi biro. Bai duba kwanan wata ba. Amma sa hannun nan nasa ya fi na kowa nauyi a idon alƙali, saboda rawaninsa. Ina roƙon ku karanta kafin ku sa hannu, ku tambayi yaushe aka bayar, ku tambayi ko ya fita. Ku kuma ware huɗuba guda a kan wannan, ku faɗa wa maza cewa ran mumini a rataye yake da bashinsa har sai an biya, kuma sauya suna a takarda ba ya sauke shi.

Game da tawa shari'ar, alƙali ya rushe kyautar, bisa rashin hauzi da kuma maganar benen. Sun ɗaukaka ƙara, an ɗaga zama sau biyar. Miliyan 18 ɗin da na bayar, ko yau aka biya ni ba za su sayi rabin dilolin da suka fita daga shagona ba. Takardun gidan suna nan cikin jakar ledar da ya kawo su. Makon jiya wani yaro mai hankali, ɗan marigayi abokina, ya zo neman kaya bashi zai fara fita kasuwannin ƙauye, ya ce mahaifiyarsa ta yarda ya kawo takardar gidansu. Na daɗe ina kallon sa. Na ba shi dila biyu maimakon biyar ɗin da ya nema, na ce ya mayar mata da takardarta.

Allah ya yi muku jagora, ya ba ku ikon tsayar da gaskiya.

Wassalamu alaikum.

Ɗanku kuma ɗan'uwanku,
wani ɗan kasuwar Kantin Kwari, Kano.